Baƙo na Uku

Ranar da malaminmu na Hausa ya shigo aji ya ce kowa ya rubuto wani abu domin mujallar bana, amma fa abin da ya gani da idonsa, ba wanda ya kwafo daga littafi ba, na daɗe ina jujjuya alƙalami ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne, abin da ke cikin raina abu ne da na daɗe ina ɓoye wa abokaina. Yanzu dai na yanke shawara in faɗe shi. Mai dariya ya yi dariyarsa, mai tunani kuma ya yi tunaninsa.

Ina da kaka, watau mahaifiyar babana. Yanzu tana zaune tare da mu a Ƙauran Namoda, amma ba nan ne gidanta ba. Gidanta yana wani ɗan ƙauye ne a gindin dutse cikin ƙasar Zurmi, ba nisa da tsohon garin nan Dutsi. Can aka haife ta, can aka yi mata aure, can kuma aka rufe kakana. Mutanen ƙauyen ba su da yawa, duk dangin juna ne. Asalinsu mafarauta ne, jikokin Zamfarawan farko waɗanda ba su sauko daga duwatsu da wuri ba. A da Maguzawa ake ce musu. Mahaifin Kaka ya musulunta tun tana yarinya, zamanin Sardauna, kuma yau in ka ga Kaka ba tasbaha a hannunta, to, tuwo take tuƙawa. Duk da haka tsagar gado tana nan raɗau a fuskarta, harshenta kuma na mutanen dutse ne, ba ya lanƙwasuwa irin namu na 'yan makaranta.

Sau ɗaya na taɓa zuwa ƙauyen, ina ɗan shekara takwas. Abin da na riƙe shi ne rumbuna a kan duwatsu kamar an jera tukwane, da wani kwarmi a jikin dutse mai ruwa sanyi ƙalau, da birai suna leƙenmu daga sama. Ban sake komawa ba, domin daga nan hanya ta lalace da 'yan bindiga.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako, aka kuma rufe makarantu. Baba, wanda ya saba zuwa kasuwar Shinkafi kowace Alhamis, ya zauna gida ba ciniki, ba kuma labarin mahaifiyarsa. Muka yi makonni a haka, ba ya ko iya cin abinci sosai. Ran nan da la'asar sai ga Kaka an sauke ta a ƙofar gida, ƙafafunta sun kumbura, domin sai da ta taka da ƙafa har Zurmi kafin ta sami mota. Ba ta fito da hatsi ba, ba ta fito da akuya ko ɗaya ba. Ƙunshi guda ne a kanta. Da Inna ta kwance shi, sai ga mazari, da ɗan dutsen niƙa, da zanen saƙi guda, da wani tsohon hoto a cikin leda. Na ce a raina, wane irin mutum ne zai gudu ya bar gero ya ɗauko dutse?

To, ga abin kunyar da na yi. Bayan an koma makaranta, wata rana abokaina uku suka biyo ni gida mu yi bitar lissafi. Kaka tana zaune a tsakar gida tana kaɗi. Da ta gan mu sai ta washe baki ta ce, "Maigida, ka yo mini baƙi? Ku taho ku zamna, ɗiyana." Ku da kuke da kakanni kun san wasan jika da kaka, Maigida take ce mini tun ina goye. Ɗaya daga cikin abokan nan nawa ya dubi fuskarta, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai, ashe jikan Maguzawa ne kai?" Sauran suka ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa, maimakon in tsaya a kan gaskiya, sai na ji bakina ya ce, "A'a, wata tsohuwa ce 'yar gudun hijira da Baba ya taimaka wa."

Na ɗauka ba ta ji ba. Ashe ta ji. Ba ta ce mini kome ba, ba ta kuma kai ƙarata wurin Baba ba. Abinci in ta rage sai ta aiko mini kamar kullum. Abu ɗaya kawai ya sake: daga ranar ta daina ce mini Maigida. Sai ta riƙa ce mini "ɗan makaranta". Wallahi da bulala ta sa aka yi mini da ya fi mini sauƙi.

Aka daɗe a haka. Sai a zangon da ya wuce malaminmu na tarihi ya zo kan tarihin Zamfara. Ya ce bisa ga abin da aka gada daga bakin magabata, Dutsi ta ƙasar Zurmi ita ce mazaunin Zamfarawa na farko, sarkinsu na fari kuma sunansa Dakka. Ana cewa sarakunan farko ƙatta ne, har yau kuma akwai manyan kaburbura a can da ake danganta su da su. Daga baya Sarki Bakurukuru ya kafa Birnin Zamfara kusa da Isa ta yanzu. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci birnin, suka gina Alƙalawa. Sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura, har da zama a Kiyawa da ke nan kusa da mu, kafin ta tabbata a Anka. Ya ce sunan da jiharmu ta samu ranar 1 ga Oktoba, 1996, daga gindin duwatsun nan ya taso.

Sa'an nan ya ba mu labarin Sukur, wasu mutane 'yan kaɗan da ke zaune a kan duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Suna da harshensu, da sarkinsu da ake kira Hidi, da hanyoyin da kakanninsu suka shimfiɗa da duwatsu tun daga ƙasa har bisa, da gonaki hawa-hawa a jikin dutse, da tsohuwar sana'ar narka tama. A 1999 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne kuwa wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Malam ya ce mutane sun riƙa tasowa daga ƙasashe masu nisa suna hawa dutsen nan da ƙafa don kawai su gani. Daga nan ya dube mu ya ce, "A cikinku wa ya taɓa zuwa Dutsi?" Ba wanda ya ɗaga hannu. Ni da na taɓa kwana kusa da ita, na soke hannuna a ƙarƙashin tebur. Wannan shi ne karo na biyu da na yi musun Kaka.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na yi ta tunani, yaya za a yi Bature ya ƙetaro teku ya hau dutse don ya ga irin abin da ni nake jin kunyarsa a tsakar gidanmu? Da gari ya waye, ranar Asabar ce, na je ƙofar ɗakinta na tsuguna na gaishe ta. Na ce, "Kaka, baƙi sun taɓa zuwa ganin dutsenku?" Ta dube ni ta daɗe, kana ta ajiye mazari. Zan rubuta maganarta yadda ta fito daga bakinta gwargwadon iyawata.

Ta ce, "Baƙi biyu munka yi waɗanda ba ni mancewa. Na farin da mota yaz zo."

Wannan baƙo na farko zamanin mulkin Abaca ya zo, shi da yaransa biyu. Bai nemi mai gari ba, bai tambayi sunan kowa ba. Samari ya tara a bakin hanya, ya nuna musu hoton wani kan mutum na yumɓu, ya ce duk wanda ya kawo masa irinsa zai ba shi kuɗi. Mutanen ƙauyen kuwa sun saba ganin irin waɗannan abubuwa in suna haƙar rami ko in ruwa ya zaizaye ƙasa, sai su mayar su rufe, su ce kayan mutanen da ne. Da samari suka ji batun kuɗi, sai kowa ya ɗauki magirbi da diga. Aka bi gindin dutse da tono har kusa da tsofaffin kaburbura. Kakana ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ba wanda ya saurare shi. Wani ƙanen Baba ya sami guda mai kyau, ya sayar, ya sayi rediyo da keke. Kaka ta ce, "Rediyon bai shekara ba yam mutu. Keken anka sace. Ramukkan ko suna nan. Da damana ta zo ruwa yab bi su yac cinye gonar mutum biyu." Baƙon bai sake dawowa ba, ko sunansa ba wanda ya sani.

Da na kai wa Malam wannan labari, ya ce ba ƙauyen Kaka kaɗai abin ya shafa ba. A shekarun 1990 an yi ta haƙe irin waɗannan sassaƙe-sassaƙen yumɓu a ƙasashen Nok da Katsina da Sakkwato ana fita da su Turai a ɓoye, alhali wasunsu sun kai shekara dubu biyu a ƙasa. Abin ya yi muni har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da take gargaɗin kada kowa ya saya. Ya ce tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Amma wa ya taɓa zuwa gindin dutse ya karanta wa samarin nan doka? Kuma ko da an dawo da kan yumɓun yau, in ji Malam, an riga an yi hasarar rabin labarinsa, domin masana daga inda abu yake kwance da abin da ke kewaye da shi suke gane shekarunsa da ma'anarsa.

Baƙo na biyu ya zo bayan kamar shekara goma. Shi ɗalibi ne daga wata jami'a, a bayan babur aka kawo shi, da 'yar jakarsa. Ya fara da sallama a ƙofar mai gari, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da abin da ya kawo shi. Mai gari ya sauke shi a zauren kakana, domin shi ne ya fi kowa sanin dutsen. Ya kwana huɗu. Tuwon da aka ci shi ya ci, ruwan da aka sha shi ya sha. Kowace safiya Kakana ya sa shi gaba su hau dutse. Inda aka ce ya tuɓe takalmi ya tuɓe. Inda aka ce kada ya ɗauki hoto ya mai da na'urarsa cikin jaka. Da ya ga zanen saƙin Kaka ya tambayi kuɗinsa, ta faɗa, ya biya bai nemi ragi ba, har ya sa aka saƙa masa wasu biyu. Yaron da ya riƙe masa gora ma sai da ya sallame shi.

Abin da ya fi burge Kaka shi ne, da shekara ta kewayo sai ga shi ya dawo. Ya tara dattawa a gindin tsamiya ya karanta musu abin da ya rubuta, ya ce in da kuskure su gyara masa. Suka kuwa gyara masa wuri uku. Ya kawo wa Kakana hotonsa yana tsaye a kan dutse da sandarsa. Shi ne hoton nan da ke cikin leda. Kaka ta ce, "Ka san abin mamaki? Samarin nan da sunka yi tonon ramu, su anka gani sun zagaye tsoho suna saurare. Sai da sunka ga mai ilimin boko ya zamna ƙasa gabanai yana rubutu, kana sunka san akwai abu ga bakinai."

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ku duba bambancin baƙin nan biyu. Dukansu don kayan mutanen da suka zo, dukansu kuma sun bar kuɗi. Na farko ya ɗauke abin da ya zo nema, ya bar rami. Na biyu ya tafi da ilimi, ya bar abin a inda yake, har ma ya ƙara masa daraja a idon masu shi. Na farko in ya zo sau goma, ƙauyen ya ƙare. Na biyu in ya zo sau ɗari, masaƙa za su ci gaba da saƙa, tsofaffi su ci gaba da ba da labari, yara kuma su ga dalilin koyo. Wannan shi ne abin da ake kira yawon buɗe ido mai ɗorewa, watau ziyarar da ba ta cinye abin da ta zo gani.

Daga labarin Kaka na tsamo sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, masu wuri su ne za su ce a zo ko kada a zo, su ne kuma za su nuna inda za a taka da inda ba za a taka ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, ɗan gari shi zai yi jagora ya ba da labari da bakinsa, ba wani ɗan birni da zai zo ya nuna su da yatsa kamar namun daji ba. Na uku, kuɗin masauki da na abinci da na jagora su tsaya a garin, a kuma ware wani abu domin rijiya ko makaranta. Na huɗu, abin da hannu zai iya sake yi, kamar zane da tabarma da tukunya, a sayar. Abin da ba a iya sake yi, kamar kayan cikin ƙasa, ko nawa aka taya kada a sayar.

Malam ya ƙara mini da misalin Dogon, mutanen da ke zaune a jikin dogon dutsen Bandiyagara a ƙasar Mali, wanda UNESCO ta sa cikin jerinta tun 1989. Baƙi sun yi ta zuwa, samari da yawa sun sami aikin jagora, an buɗe masaukai a ƙauyuka. Amma kuma an saye tsofaffin ƙofofin rumbunansu masu sassaƙa an fita da su. Da rikici ya ɓarke a Mali a 2012, baƙi suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka saki noma suka dogara ga baƙi kaɗai suka shiga wahala. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana taimakon shuka, amma ba wanda ke yin shuka don ita.

Nan ne fa na zo ga magana mai ɗaci. Duk wannan tsari ba ya yiwuwa sai da zaman lafiya. Sukur ɗin nan da muke yabo, 'yan Boko Haram sun kai mata hari a watan Disamba na 2014, suka ƙone gidaje. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, ya shiga jerin UNESCO a 2016, shi ma sai da ya yi shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Mu nan kuwa ba sai an gaya mana ba. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki jaka ya nufi gindin dutsen su Kaka ba, ni kaina Baba ba zai bar ni ba. Ƙauyen ya watse, wasu suna Zurmi, wasu Ƙaura, wasu Shinkafi, wasu Gusau, wasu ma sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar Maraɗi.

To, a nan ne na gane wani abu. Dutse ba ya zuwa ko'ina, ko bayan shekara ɗari yana nan. Abin da ke iya ɓacewa shi ne sanin dutsen, watau sunan kowane kwarmi, da labarin kowane kabari, da amfanin kowace itaciya. Wannan sani kuwa ba a can yake ba yanzu. Yana nan cikin garuruwanmu, a ɗakunan baya, cikin kawunan tsofaffin da muke wucewa ba ma ko gaishe su. In suka ƙaura kafin lafiya ta samu, ranar da baƙi za su zo sai su tarar da dutse kawai, ba mai ce musu ga abin da ya faru a nan. Tun da baƙo na nesa ba shi da hanya, ashe sai na kusa.

Saboda haka na sayi littafin rubutu mai warƙa sittin. Wata Juma'a da yamma na yi wanka na sa rigata mai kyau, na tsaya a ƙofar ɗakin Kaka na yi sallama sau uku kamar baƙo. Ta ce, "Wa ke nan?" Na ce, "Baƙo ne daga makaranta, ya zo neman ilimi." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Baƙon ya san sunan ubanai?" Na faɗi sunan Baba, na faɗi na Kakana, na ce, "Kuma jikanki ne, wanda ya yi ƙarya a gaban abokansa. Ki gafarta mini." Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa, ta ce, "Shigo, Maigida. Ka daɗe bisa hanya."

Yanzu littafin ya kusa cika. Na rubuta yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don gara da danshi, da yadda ake barbaɗa toka a cikin wake don ƙwari. Na rubuta cewa a da ba mai shiga farauta ko sa wa daji wuta sai an yi buɗar dawa, kuma ba a saran itacen da ke ba da abinci, irin su kanya da ɗorawa da tsamiya da kaɗanya. Na rubuta amfanin sabara ga mai jego, da bagaruwa ga majema, da ɓawon kalgo wajen igiya, da baba wajen rini. Na rubuta yadda suke duban taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta su san kusantowar damina. Na rubuta tatsuniyoyi goma sha ɗaya, da kalmomi fiye da ɗari waɗanda ban taɓa ji a aji ba. Na kuma tambaye ta dalilin ɗauko ɗan dutsen niƙa. Ta ce na kakarta ne, hannun mata huɗu ya lashe shi har ya yi sumul. Gero ana nomawa a sake samu, in ji ta, wannan kuwa in ya ɓace ya ɓace ke nan. Ashe sharaɗina na huɗu ta riga ni saninsa.

Na san wasu iyayenmu za su ce, wannan ba tono tsafi ba ne? Baba ma ya yi mini wannan tambaya. Amsar da na ba shi cikin ladabi ita ce, sanin abu daban, bauta masa daban. Kaka da kanta in ta zo kan abin da ya saɓa wa addini takan ce, "Wanga jahilci na, Allah ya raba mu da shi, amma rubuta don a san inda munka hito." Muhammadu Bello ɗan Shehu, a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya rubuta labarin ƙasashen Hausa da mutanensu tun kafin jihadi, bai ce a shafe ba. Kuma yawancin abin da ke littafina ba ruwansa da tsafi. Dabarar zama da daji ce ba tare da an kashe shi ba, abin da mu masu karatun kimiyya muke nema yau ido rufe.

Ga roƙona. Mu ɗalibai mu kafa ƙungiyar tarihi a makarantar nan. Kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa a gidansu ko unguwarsu, Bazamfare ne, ko Bafillace, ko Bagobiri, ko Buzu, ya je masa da sallama da littafi. In mai waya ne ya ɗauki murya, amma sai da izini. Abin da muka rubuta mu koma mu karanta musu su gyara, mu ajiye kofe a laburaren makaranta, mu kai wani gidan tarihi na jiha a Gusau. Mu fara ziyara da abin da ke kusa da mu, kamar kabarin Namoda da tsohuwar tashar jirgin ƙasa wadda layin dogo ya iso a 1929. Mu nawa ne muka san labarinsu? Ku kuma iyayenmu, don Allah in kun ga yaro zaune gaban tsohuwa yana rubutu, kada ku ce ya tashi ya je ya yi karatu. Karatun yake yi. Ranar da Allah ya kawo lafiya, hanyar Dutsi da ta Kanoma da ta Kwatarkwashi suka buɗe, mu ne za mu tsaya a gindin dutse mu tarbi baƙi, mu gaya musu inda za su tuɓe takalmi.

Makon jiya na sake gayyato abokan nan nawa uku. Tun daga zaure na ce musu, "Ku zo ku gai da kakata, mahaifiyar babana." Suka tsuguna suka gaishe ta. Wanda ya yi mini raɗa a kunne ran nan, shi ne ya fi kowa tambaya, har magariba ta yi bai sani ba. Da za su tafi ya ja ni gefe ya ce shi ma kakarsa tana da tsaga, a Shinkafi take, ya yi shekara biyu bai je ya gan ta ba. Na yago masa warƙa biyar daga bayan littafina na ce ya fara da su.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya ja kwanan tsofaffinmu har mu gama rubutu. Amin.